Wane Maganin Sa Barci Na Shaƙa Ya Dace Da Dabbobin Gwaji Idan Hanta Ake Bincike?

Duk wanda ya saba karanta ayyukan ɗaliban digiri na biyu da na uku a sassan kimiyyar magunguna da likitancin dabbobi ya san wannan tsari. A raba ɓeraye rukuni-rukuni, a lalata musu hanta da farasitamol ko kabon tetirakulorayid, a ba wasu ruwan ganyen zogale ko na saiwar wani itace, bayan makonni a ɗebi jini a auna ALT da AST, wato inzayim da ke hawa a jini idan hanta ta cutu, a yanko hanta a duba. A sashen hanyoyin aiki kuma sai a ga jimla guda: an sa dabbobin barci da kulorofom kafin ɗibar jini. Wannan jimla tana da nauyi fiye da yadda ake ɗaukarta. Inzayim ɗaya ne, CYP2E1, yake sarrafa kulorofom da kabon tetirakulorayid a hanta, kuma wuri ɗaya suke ci a cikinta. Wanda ya yi haka ya shigar da guba ta biyu cikin gwajin da ya tsara don auna guba ɗaya.

Magungunan da ake zaɓa a tsakaninsu yau su ne halotan, isofuluran, sebofuluran da desfuluran, sai tsofaffi biyu da har yanzu ake gani a ɗakunan gwajinmu, wato eta da kulorofom. Ga mafi yawan ayyuka isofuluran ne ya fi dacewa. Amma sunan da ke jikin kwalba kaɗai ba ya kare hanta. Ɓeran da aka bar shi da ƙarancin iskar oksijin da sanyin jiki zai iya fitowa da hanta a lalace ko da maganin da ya fi kowanne sauƙi aka ba shi.

Yadda hanta ke cutuwa

Jinin da ke shiga hanta ta hanya biyu yake zuwa. Kusan kashi 75 cikin 100 daga hanji yake fitowa ta jijiyar fotal, sauran kuma ta jijiyar da ke kawo sabon jini daga zuciya, amma oksijin ɗin kusan rabi-da-rabi suke kawowa. A cikin kowane ɗan ɗaki na hanta jinin yana shiga daga gefe ya gangara zuwa wata jijiya da ke tsakiya. Ƙwayoyin da ke kewaye da wannan jijiya ta tsakiya, waɗanda ake kira shiyya ta uku, su ne na ƙarshen samun oksijin, kamar gonar da ke ƙarshen magudanar ruwan noman rani: in ruwa ya ragu, ita ce ke fara bushewa. Kuma a wannan shiyya ce CYP2E1 ya fi yawa. Saboda haka guba daga sarrafa magani da rauni daga ƙarancin oksijin duk a wuri ɗaya suke bayyana, kuma a ƙarƙashin maikuroskof suna kama da juna ƙwarai. Yawancin ruɗanin da ke cikin wannan fanni daga nan ya samo asali.

Ma'auni na farko wajen kwatanta magungunan shi ne yawan abin da hanta ke sarrafawa daga abin da jiki ya ɗauka, domin wanda ya fita ta huhu yadda ya shiga ba ya barin komai a hanta. A jikin mutum halotan yana kai kusan kashi 20 cikin 100, sebofuluran kashi 2 zuwa 5, enfuluran, wani maganin shaƙa da aka rage amfani da shi, wajen kashi 2 da ɗoriya, isofuluran kashi 0.2, desfuluran kuwa kashi 0.02. Metoksifuluran, wani tsohon maganin shaƙa, ya haura kashi 50. Alƙaluman dabbobi ba su yi daidai da waɗannan ɗaya bayan ɗaya ba, amma jerin bai sauya ba.

Ma'auni na biyu shi ne abin da ake samu bayan sarrafawar. Halotan da isofuluran da desfuluran duk suna ba da wani sinadari mai saurin maƙalewa a furotin na hanta, wanda ake taƙaita sunansa da TFA. Furotin da TFA ya maƙale masa garkuwar jiki kan ɗauke shi baƙo ta kai masa hari. Sebofuluran ba ya ba da TFA. Na uku shi ne abin da maganin ke yi wa gudun jini. A ƙa'ida, idan jinin fotal ya ragu, ɗaya jijiyar takan buɗe ta cike giɓin. Gwaje-gwajen da Simon Gelman da abokan aikinsa suka yi a kan karnuka a 1984 sun nuna halotan yana rage jinin hanyoyin biyu gaba ɗaya, isofuluran kuwa yana barin jinin da ke zuwa daga zuciya yadda yake ko ma ya ƙara shi.

Halotan

Charles Suckling ne ya haɗa shi a kamfanin ICI a Ingila a 1951, aka fara ba marasa lafiya a Manchesta a 1956. Ba ya kama wuta, ƙamshinsa ba ya shaƙe maƙogwaro, ga araha, shi ya sa ya daɗe a asibitocin Afirka bayan ƙasashen Turai sun bar shi. 'Yan shekaru da fara aiki da shi rahotanni suka fara fitowa na zazzaɓi da shawara da mutuwar hanta bayan tiyata. Babban binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1960, wanda ya duba tiyata kusan 850,000, ya ƙiyasta mummunar mutuwar hanta a kusan mutum 1 cikin 35,000 da aka ba halotan. Daga baya aka rarrabe cutar gida biyu. Akwai mai sauƙi, inda inzayim na hanta ke ɗan hawa a jinin kusan mutum ɗaya cikin biyar sannan ya sauka da kansa. Akwai mai tsanani ta garkuwar jiki, wadda ta fi kama mata, masu ƙiba, masu matsakaicin shekaru, da waɗanda aka maimaita musu maganin cikin ɗan lokaci, kuma takan kashe rabi ko fiye na waɗanda ta kama.

Ƙoƙarin kwaikwayon wannan cuta a dabbobi shi ne ya koya wa masu bincike mafi yawan abin da aka sani, kuma ya kamata mai zaɓen magani ya san yadda ta kaya. Lafiyayyen babban ɓera (wanda ake kira rat da Turanci) da aka ba halotan da isasshen oksijin ba ya nuna wata ɓarna ta a zo a gani. A 1979 McLain da Sipes da Brown suka bayyana hanyar da ke aiki: a ba mazan manyan ɓeraye fenobabital na wasu kwanaki don inzayim na hanta ya ƙaru, sannan a shaƙa musu halotan kashi 1 cikin iska mai oksijin kashi 14 kawai na awa biyu. Bayan awa 24 sai a ga ƙwayoyin shiyya ta uku sun mutu. Dalili shi ne in oksijin ya yi ƙasa, hanta takan bi wata hanya dabam wajen sarrafa halotan, hanyar da ke fitar da sinadarai masu yaga fatar ƙwayoyin hanta. An ɗauka an gano bakin zaren. Sai a farkon shekarun 1980 aka rage oksijin zuwa kashi 10, aka ga isofuluran da enfuluran su ma suna yin irin wannan ɓarna, alhali hanta ba ta sarrafa su ta waccan hanya. Wato wani ɓangare babba na raunin daga ƙarancin oksijin ne kai tsaye. Wannan sakamako ya shafi kowane mai bincike, ko da bai taɓa riƙe kwalbar halotan ba.

Ɓeran Masar ya fi kusa da mutum a wannan fanni. Halotan kashi 1 na awa huɗu, da isasshen oksijin, ba tare da an ba shi komai kafin nan ba, yana lalata masa hanta, kuma ɓarnar takan kai ƙoli tsakanin kwana biyu zuwa uku. Ana samun furotin mai TFA a hantarsa, kuma jinsi yana da tasiri: wasu jinsuna suna cutuwa sosai, wasu suna da juriya, jinsin Hartley da ba a tace ba kuwa wasu su cutu wasu su tsira. A ƙananan ɓeraye (waɗanda ake kira mice da Turanci) an samu tsari mai aiki a 2006, inda ake narkar da halotan a man zaitun a yi allurarsa a ciki. Jinsin BALB/c suna cutuwa, jinsin C57BL/6 ba sa cutuwa, mata sun fi maza, kuma hana abinci kafin allurar yana ƙara tsananin. An nuna fararen ƙwayoyin jini, musamman niyutirofil da iyosinofil, suna da hannu a ɓarnar. A lura cewa a wannan tsari allura ake yi, ba shaƙa ba, don haka ba a ɗaukar adadinsa a kwatanta da na'urar tururi.

Hukunci a kan halotan a fili yake. In aikin shi ne nazarin yadda magani ke tayar da garkuwar jiki a kan hanta, halotan kayan aiki ne mai daraja, a matsayin gubar da ake nazari. In kuwa sa barci kawai ake so a kowane gwaji da za a auna hanta, a bar shi, musamman a ɓeran Masar da BALB/c, ko inda za a maimaita sa barcin.

Isofuluran

Ross Terrell ne ya haɗa shi a 1965, amma ya makara kafin ya shiga kasuwa, kuma dalilin darasi ne ga masu gidan dabbobi. A 1976 Thomas Corbett ya ba da rahoton ƙarin ciwon daji na hanta a ƙananan ɓerayen da aka shaƙa wa isofuluran. Da aka maimaita gwajin da dabbobi masu yawa da kyakkyawan tsari ba a ga haka ba, kuma an gano dabbobin farko sun gurɓata da sinadarin PBB, wanda ya shiga abincin dabbobi a jihar Michigan a waɗannan shekaru. Gurɓataccen abinci ya jinkirta magani mai kyau na shekaru.

Adadin da ke hana rabin dabbobi motsi idan an yi musu abu mai zafi, wanda ake kira MAC, wajen kashi 1.3 zuwa 1.4 ne a babba da ƙaramin ɓera, wajen kashi 2 a zomo. A aikace ana farawa da kashi 3 zuwa 5 a cikin akwatin sa barci, da iska lita 0.5 zuwa 1 a minti. Da dabbar ta kwanta ta kasa juyowa, a fito da ita a sa mata abin rufe hanci a rage zuwa kashi 1.5 zuwa 2.5. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da ragewar. Numfashi ya yi ƙasa, hawan jini ya faɗi, jinin hanta ya ragu, sai a samu ainihin yanayin da ke kashe shiyya ta uku. Ƙaramin ɓera da ke numfashi ƙasa da 50 a minti, ko yana jan numfashi da ciki kamar mai shaƙewa, ya yi nisa da yawa.

Isofuluran ba ya lalata lafiyayyar hanta idan an kiyaye oksijin da ɗumi, amma yana taɓa abin da ake aunawa ta fuskoki biyu. Yana danne fitar insulin, sukarin jini ya hau cikin 'yan mintoci, don haka bai dace a yi gwajin jure sukari ko auna gilaikojin na hanta bayan dogon barci da shi ba. Sannan yana kare hanta. An nuna yana ƙara wani inzayim mai suna HO-1 a hantar babban ɓera, kuma yana rage raunin da ake samu idan an ɗaure jijiyar hanta aka sake ta. Ga mai tiyata wannan alheri ne, amma ga wanda ke gwada ko wani ganye yana kare hanta daga irin wannan rauni matsala ce, domin maganin barcin ya riga ya yi wani ɓangare na aikin, bambancin da ke tsakanin rukunai sai ya ƙanƙance. Ba a iya kauce wa wannan gaba ɗaya, sai dai a daidaita: kowane rukuni, har da wanda aka buɗe ciki aka rufe ba a ɗaure komai ba, ya samu adadi ɗaya na minti ɗaya.

TFA ɗin da yake bayarwa kaɗan ne ƙwarai, amma ba sifili ba ne. Dabbar da aka taɓa ba halotan, ko wadda aka yi wa rigakafi da furotin mai TFA da gangan, gara a sa ta barci da sebofuluran.

Sebofuluran da desfuluran

Sebofuluran ya shiga asibitoci a Japan a 1990, a Amurka a 1995. Ba ya narkewa a jini sosai (ma'auninsa 0.65, na isofuluran 1.4, na halotan 2.4), don haka dabba tana kwanciya da wuri tana farkawa da wuri, kuma warinsa bai kai na isofuluran damun hanci ba. MAC ɗinsa a babban ɓera wajen kashi 2.4 ne, ana farawa da kashi 6 zuwa 8, a riƙe a kashi 3 zuwa 4. Duk da hanta tana sarrafa shi fiye da isofuluran sau goma ko fiye, abin da ke fitowa fuloraid ne da wani sinadari da hanta ke ɗaurewa nan take a fitar ta fitsari. Ta fuskar garkuwar jiki shi ne mafi tsabta. Yana kiyaye jinin hanta kusan kamar isofuluran, kuma shi ma yana da irin waccan kariya, har an nuna ta a mutanen da aka yanke wa wani sashe na hanta a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 2008.

Rauninsa a ƙoda yake, kuma a babban ɓera ya fi bayyana. Idan ana mayar da iskar da dabba ta fitar ta bi ta soda laim don tsotse kabon dayoksaid, sebofuluran yana haɗuwa da sodan ya ba da wani sinadari da ake kira Kwamfawun A, wanda ke kashe bututun ƙodar babban ɓera a adadin da ba ya yi wa mutum komai, saboda inzayim ɗin da ke mayar da shi guba ya fi ƙarfi a ƙodar ɓera. Na'urorin ƙananan dabbobi galibi ba sa mayar da iska, don haka matsalar ba ta tasowa. Tana tasowa ne idan an ari na'urar karnuka mai kewayen numfashi, aka rage gudun iska don tsimi, soda ya bushe ya yi zafi. Mai auna yuriya da kiriyatinin tare da ALT ya kiyaye wannan.

Sai tsada. Hanya mai sauƙi ta ƙiyasin ruwan maganin da zai ƙare a awa ɗaya ita ce a ninka 3 da litar iska a minti da kashin da aka saita. Isofuluran kashi 2 a lita 1 zai ci kusan mililita 6 a awa, sebofuluran kashi 3.5 kusan mililita 10, ga shi kwalbarsa ta fi tsada tun farko. Saurin farkawar da ake biya dominsa a ɓera bambancin 'yan mintoci ne.

Desfuluran a takarda shi ne ya fi kowa barin hanta. A aikace yana tafasa a digiri 23, yana buƙatar na'urar tururi ta musamman mai aiki da lantarki wadda ke ɗumama shi zuwa digiri 39, MAC ɗinsa a babban ɓera ya kai kashi 6 zuwa 7, yana damun hanyar numfashi, kuma da busasshen soda yana ba da kabon monoksaid. Gidan dabbobin da wuta ke ɗaukewa ba shi da abin yi da shi.

Tsofaffin magunguna

Kulorofom hanta na mayar da shi fosjin, wanda ke cinye gulutatayon, sinadarin da ke kare ƙwayoyin hanta daga guba, ya maƙale a furotin. Mazan ƙananan ɓeraye na wasu jinsuna suna mutuwa da ciwon ƙoda daga ɗan tururin da ya bazu a ɗaki kawai. Akan ce ai minti biyu ne kafin yanka, ba zai isa ya kashe ƙwayoyin hanta ba. Gaskiya ne mutuwar ƙwayoyi tana ɗaukar awoyi kafin ta bayyana. Amma gulutatayon, MDA, katalas da SOD, ma'aunan lalacewar da oksijin ke jawowa waɗanda su ne ginshiƙin irin waɗannan ayyuka, ma'aunai ne masu saurin motsi, kuma rukunin da ganye ko guba ya sauya wa CYP2E1 ba zai sarrafa kulorofom daidai da sauran ba. Kuskuren ba zai rabu daidai a kan rukunai ba ke nan. Eta ba ya kashe hanta kai tsaye, amma yana ƙona hanci da ido, yana tayar da sinadaran firgici da sukarin jini, yana ƙara inzayim na hanta idan an maimaita shi, kuma gawar dabbar da aka sa a firji na iya tara tururin da zai fashe. Ƙa'idojin Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Amurka na 2020 sun sa duka biyun cikin abubuwan da ba a yarda a kashe dabba da su ba, kuma mujallu da dama suna mayar da aiki saboda wannan kaɗai. Metoksifuluran kuwa fuloraid ɗinsa yana lalata ƙoda, kamar yadda aka nuna a manyan ɓeraye jinsin Fischer 344, kuma ya yi wuyar samu.

Kwalba da auduga, da zafin ƙasarmu

Inda babu na'urar tururi akan jiƙa auduga da isofuluran a jefa a kwalba mai murfi. Wannan hanya an gaje ta daga zamanin eta da metoksifuluran, kuma da isofuluran tana da haɗari. A digiri 20 ƙarfin tururinsa milimita 238 ne, wato rufaffiyar kwalba na iya kai kashi 31, fiye da ninki ashirin na MAC. A digiri 35, zafin da ɗaki marar na'urar sanyaya ke kaiwa a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ƙarfin tururin milimita 450 ne, kusan kashi 59. A wannan yanayi tururin ya kori iska, oksijin da ya rage bai kai kashi 9 ba, ƙasa da kashi 10 ɗin da aka ga yana lalata hanta. Wanda ya kwafi hanyar aiki daga ɗakin gwaji mai sanyi ya kawo ta nan ba abu ɗaya yake yi ba.

In dole ne, a auna. Mililita 1 na ruwan isofuluran yana ba da tururi kusan mililita 195, don haka mililita 0.2 a kwalba mai lita 1 zai ba da kusan kashi 4. Wata hanyar ita ce a gauraya shi da furofilin gilaikol, kashi 20 don ƙaramin ɓera, kashi 30 don babba. A sa raga tsakanin auduga da dabba don kada ruwan ya taɓa fata, a yi aikin a inda iska ke fita waje, a fito da dabbar da zarar numfashinta ya lafa. Wannan ya isa aikin da bai wuce minti ɗaya ba, ko ɗibar jini na ƙarshe. Bai isa tiyata ba.

Na'urar tururi ma tana da iyaka. Yawancinsu suna gyara kansu da zafi zuwa digiri 35 ko 40 ne kawai. Kowace an yi ta don magani ɗaya: isofuluran a na'urar sebofuluran zai fita fiye da abin da aka saita, sebofuluran a ta isofuluran zai fita ƙasa. Halotan da isofuluran ƙarfin tururinsu kusan ɗaya ne (243 da 238), shi ya sa ake zuba isofuluran a tsofaffin na'urorin halotan da asibiti ya daina aiki da su. Adadin da ke fita zai yi kusa, amma lagwanin ciki yana riƙe ragowar halotan da taimol ɗin da ake sa masa kashi 0.01 don kada ya lalace. Don aikin hanta sai an wanke na'urar, an sauya lagwani, an sake auna ta.

Abubuwan da ke juya sakamako ba a lura ba

Ɓera ba ya amai, don haka babu dalilin hana shi abinci domin sa barci. Kwana ɗaya ba abinci yana rage gulutatayon na hanta ya ƙara CYP2E1. In gwajin yana buƙatar hana abinci, kamar na farasitamol, a yi wa kowa awoyi daidai. Giya, isoniyazid da asiton suna ƙara wannan inzayim, haka ma ciwon sukarin da aka jawo da aloksan ko sitireftozotosin. DMSO, wanda ake narkar da ruwan ganye da shi, danne inzayim ɗin yake yi, har yana iya kare hanta shi kaɗai. Dussar katako daga injin yanka, in ta itacen fayin ko sida ce, tana ƙara inzayim na hanta, an san haka tun 1967. Abincin da aka haɗa da masara ko ƙuli-ƙulin da ya ji damshi na iya ɗauke da afulatoksin; a babban ɓera ɓarnarsa a gefen ɗakin hanta take, kusa da jijiyar fotal, wanda hakan ke taimakawa a bambanta ta da ta maganin barci.

Ɗumin jiki ya zauna tsakanin digiri 36.5 da 37.5, a auna ta dubura. Ƙaramin ɓera yana rasa digiri da yawa cikin minti goma a kan teburin ƙarfe, ko da ɗakin yana da zafi, musamman in an shafa masa sifirit an buɗe ciki. Iskar da ke ɗauke da maganin ta kasance da oksijin aƙalla kashi 30. Na'urar tace oksijin ta asibiti, mai ba da kashi 90 zuwa 95, ta wadatar. In ana auna lalacewar da oksijin ke jawowa, kada wani rukuni ya sha tsantsar oksijin wani ya sha iskar ɗaki.

Lokacin ɗibar jini ya bi dabbar: awa 24 a babban ɓera, kwana biyu zuwa uku a ɓeran Masar. ALT ba ya daɗewa a jinin ɓera, wanda ya jira mako zai tarar ya sauka. AST yana hawa daga matse dabba, allurar tsoka da fashewar jajayen ƙwayoyin jini, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. A alade, akuya, tunkiya da doki ALT ba ya nuna hanta da kyau, a nemi wasu inzayim na hanta, GLDH ko SDH. Yankan hanta ya fito daga sashe ɗaya a kowace dabba, kaurinsa milimita 3 zuwa 5, a fomalin kashi 10 mai ninki goma na girman naman, kuma mai dubawa kada ya san rukunin.

Zaɓi gwargwadon aiki

Ɗibar jini na ƙarshe a gwajin kare hanta: isofuluran, gajeren lokaci, a ɗebi jini daga zuciya a cire hanta nan take, a yi ta karɓa-karɓa tsakanin rukunai maimakon a gama rukuni ɗaya da safe wani da yamma. Ɗibar jini akai-akai: a fara tunanin jijiyar wutsiya ko ta ƙafar baya ba tare da barci ba, kada ya wuce kashi 10 na jinin dabbar cikin makonni biyu zuwa uku, wato kusan mililita 1.3 a ɓera mai giram 200. In barcin dole ne, isofuluran ko sebofuluran duk sun yi. Sukarin jini a auna daga bakin wutsiya dabbar tana farke. Nazarin yadda jiki ke sarrafa maganin da CYP2E1 ke narkarwa: isofuluran, domin sebofuluran da halotan sun fi gogayya a kan inzayim ɗin, kuma a sa bututun jini kwana ɗaya ko biyu kafin gwajin. Tiyatar ɗaure jijiyar hanta ko yanke kashi 70 nata: isofuluran da na'urar tururi, da maganin zafi irin su bufirenofin, domin maganin shaƙa ba ya barin kariya daga zafi bayan farkawa. Zomo yana riƙe numfashi na dogon lokaci idan an fara masa da abin rufe hanci, oksijin ya faɗi, don haka a fara da allurar kwantarwa. Aladun Pietrain da Landrace masu matsala a ƙwayar gado ta RYR1 dukkan waɗannan magunguna na iya tayar musu da mugun zafin jiki, a tantance su kafin a fara.

Hantar mai aikin ma tana cikin lissafi. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada irin waɗannan magunguna su wuce kashi 2 cikin miliyan a iskar ɗaki, kuma in ana jin warinsu an wuce wannan da nisa. A haɗa bututun fitar da iska zuwa waje, ko gwangwanin gawayi da ake aunawa a sikeli kafin aiki da bayansa. Irin ƙananan da aka saba gani ana sauya su idan nauyinsu ya ƙaru da giram 50. A kora akwatin sa barci da oksijin na 'yan daƙiƙu kafin a buɗe murfi. A rahoton aiki kuma, kamar yadda ƙa'idojin ARRIVE na 2020, na rubuta rahoton gwajin dabbobi, suka nema, a rubuta sunan maganin, kashin farawa da na riƙewa, irin iskar da gudunta, tsawon mintocin barci, ɗumin jiki, jinsi da shekarun dabba, mace ce ko namiji, da awoyin da aka hana ta abinci.